Ginin Landover da Hannun da Ban Sa Ba

Nafisa da Mahmud, na san abin da kuka taso kuna ji a bakin mutane, cewa ni ce na shiga tsakanin babanku da amininsa Injiniya Tijjani, wanda kuke kira Baffa. Ba wanda ya taɓa faɗa mini a ido. Amma maganar da aka yi a kicin ranar suna, kafin a gama wanke tukwane ta iso kunnen mai ita. A lokacin kuna yara, daga baya kuma kunya ta hana ku tambaya. Yanzu da na ajiye aiki, babanku kuma ya riga mu gidan gaskiya, bari in rubuta muku yadda abin ya faru a gaban idona.

Babanku da Tijjani tun makarantar kwana a Kano suke tare, gadonsu ɗaya sama ɗaya ƙasa. Tijjani ya riga mu zuwa Amurka, shi ya tarbe mu a filin jirgi, kuma a falonsa na garin Greenbelt muka shimfiɗa katifa har muka sami namu wurin. Wannan ban taɓa mantawa ba, ku ma kada ku manta. Yana da ƙaramin kamfani mai yi wa ofisoshin gwamnati kwangilar na'urori. Mutum ne mai baki da dariya da son ba da tarihi, irin wanda in ya shigo gida sai ka ji kamar mutum biyar ne suka shigo. Babanku kuwa likita ne mai shiru-shiru, in Tijjani yana magana shi dai murmushi ne nasa. Da abubuwa suka ɗan daidaita, suka haɗa hannu suka sayi wani ƙaramin gini a garin Landover, shaguna biyu a ƙasa, ɗakunan haya a sama. Ni ma na zuba abin da na tara daga aikina na haɗa magani a kantin magani, har da na adashin da muke yi da matan unguwa. Babanku ya dage sai da aka sa sunana a takardar mallaka. Sunaye uku ke nan, kuma ba mai iya sayar da ginin sai kowa ya sa hannu.

Shekarar da nake ba ku labari, ita ce wadda aka yi ta maganar sabon ƙarin haraji da zai fara aiki da shigowar Janairu. Ba a kan albashi ba ne, a kan abin da dukiya ta haifa ne, wato kuɗin haya, da ribar hannun jari, da ribar da mutum ya ci in ya sayar da kadara. Kuma ba kowa zai taɓa ba, sai wanda abin da yake samu a shekara ya haura wani layi da aka ja. Mu likita da mai haɗa magani a gida ɗaya, mun haura layin. A masallaci, a wurin biki, ko'ina mazanmu ba su da hira sai wannan. Wanda bai taɓa mallakar ko kango ba ma sai ka ji yana ba da fatawa.

Wata Lahadi a ƙarshen kaka Tijjani ya zo cin abincin rana, shi kaɗai, ba tare da matarsa Hajiya Zulai ba. Na yi tuwon shinkafa da miyar taushe, abin da ya fi so. Ya ja kujera ya fara, kamar yadda ya saba, daga can nesa.

"Likita, harajin ƙasar nan matakalar bene ne. Duk hawan da ka ƙara, akwai mai jiranka da faranti. Ka karanta tarihinsu ka gani. Zamanin manyan yaƙoƙi, wanda ke can saman bene kusan ƙwace masa ake yi. Aka zo aka sassauta, aka ƙara, aka sake sassautawa. Yanzu iska ta juyo kanmu. Sun gina wani sabon hawa musamman domin masu ajiye jari, kuma wallahi wannan somin-taɓi ne."

"To mene ne abin yi?" in ji babanku.

"Mu sayar kafin shekara ta fita. In muka ƙetara Disamba da ginin nan, gwamnati ta zama ta huɗu a cikinmu. Kuma Allah ya taimake mu, akwai mai saye a hannu. Kamfani ne, kuɗi a ƙasa, ba jiran banki."

Na tambaye shi ko ba za mu sa ginin a kasuwa ba, mu ji abin da wasu za su taya. Ya yi dariya ya ce, "Uwargida, kasuwa wata nawa take ci? Kafin dillali ya gama ɗaukar hoto an shiga sabuwar shekara." Amma abu biyu suka tsaya mini a rai. Na farko, Tijjani mutum ne da zai zaga shago uku a kan buhun albasa, ban taɓa ganin ya karɓi tayin farko a kan komai ba. Na biyu, ya tashi ya bar tuwonsa ko rabi bai ci ba, yana ta juya cokali a cikin miya, kuma duk tsawon bayaninsa babanku yake kallo, ko sau ɗaya bai dube ni ba.

Bayan ya tafi, ina kwashe kwanuka, na ce wa babanku raina bai kwanta ba.

"Rabi, zato zunubi ne," ya ce. "Mutumin da ya ba mu falonsa?"

"Ban ce ya yi wani abu ba, Abban Nafisa. Cewa na yi wa ke saye, kuma me ya sa ake gudu?"

"Gudun haraji ake yi, ba ki ji ba?"

Na ji. Don haka a makon na ɗauki takardunmu na je wurin wata akanta a College Park, wadda wata abokiyar aikina ta haɗa ni da ita, ba wanda Tijjani ya saba kai mu wurinsa ba. Ban gaya wa babanku ba sai da na dawo. Matar ta ce ƙarin harajin gaskiya ne, kuma zai taɓa mu. Sai dai a kan riba kaɗai ake ɗora shi, ba a kan kuɗin ginin gaba ɗaya ba. Ta ce a ganinta, abin da mutum kan rasa in ya sayar da gini a gurguje ba tare da an yi tayi ba, yana iya fin abin da yake gudu. Ta ƙara da cewa ita ba dillaliya ba ce, ba za ta iya rantsuwa a kan farashi ba. Na kawo wa babanku wannan. Ya saurara, ya cire tabarau ya goge, ya ce Tijjani ya fi mu sanin harkar gidaje. Na lura ransa ya ɓaci, ba don abin da matar ta faɗa ba, don na je.

Daga nan gidanmu ya canza. Ku ba za ku tuna ba, ko kuwa kun tuna ba ku san dalili ba. Wayar babanku in ta yi ƙara sai ya duba, ya fita baranda cikin sanyi ya amsa. Ni kuma in na ji ya fita sai in rage ƙarar famfo don in ji abin da yake faɗa. Zargi haka yake, in ya shiga gida ba ya zama a ɗaki ɗaya. Na fara zargin Tijjani, na koma ina zargin babanku yana ɓoye mini wani abu, shi kuma yana ganin ina neman tozarta shi a gaban abokinsa. Kai Mahmud har ka taɓa tambayata a mota, da Turancinka, ko mun yi faɗa da Abba. Na ce maka a'a, gajiyar aiki ce.

Ɗaya daga cikin shagunan ƙasa na Hajiya Memuna ne, wata 'yar Kumasi mai sayar da kayan abincin gida, garin rogo da manja da busasshen kifi da daddawa. Wurinta nake sayayya tun kafin mu zama masu gininta. Hausarta ta zangon Gana ce, mace da namiji duk "ka" take ce musu. Wata Asabar na je sayen kuka da kuɓewa, tana ɗaure mini leda ta rage murya.

"Hajiya, gaskiya ne za ka sayar da gida? In za a tashe ni, ka faɗa mini da wuri. Yara na makaranta a nan."

Na ce wa ya gaya mata. Ta ce wani mutum ya zo da ma'auni, ya auna shagonta ciki da waje, ya hau sama ya duba rufi. Da Turanci ya yi mata magana, ya ce daga kamfani yake. Amma da wayarsa ta yi ƙara ya fita bakin ƙofa, Hausa ta ji yana yi, Hausar Kano tsantsa, yana cewa "Yaya, na gani, wurin ya yi."

"Ei, Hajiya, kuma motar da ya zo da shi, na san shi. Farin mota na Hajiya Zulai ne, mai tasbaha ja a madubi."

Na biya ta, na ɗauki ledata, na zauna a mota ban tayar ba. Zulai tana da ƙane guda, Sadisu, da ke zaune a wata jiha yana harkar saye da sayar da gidaje. Na taɓa ganinsa sau ɗaya a wani ɗaurin aure. Na yi ta gaya wa kaina cewa mota ana aro, kuma duk Bakano yana da yaya. Amma zuciyata ta riga ta tsaya wuri guda.

Na gaya wa babanku a ranar, bayan la'asar. Ya saurare ni har na gama. Sannan ya ce maganar mai shago ce da ke tsoron a tashe ta, kuma shi ba zai je ya tuhumi Tijjani a kan tasbahar madubi ba. Na ce to ni zan tambaye shi, a gabansa, cikin ladabi. Ya ce in na yi haka na kunyata shi. Na ce, "In ban yi ba, hannuna ba zai hau takardar nan ba." Tunda muka yi aure ban taɓa gaya masa magana mai kauri irin wannan ba.

Tijjani ya zo da takardun a farkon Disamba, cikin wata baƙar jaka, ya ce lauya na jiranmu a makon, ya kawo ne mu duba tukuna. Na kawo shayi, na zauna. Sunan kamfanin na Turanci ne, ba abin da za ka tsinta a ciki. Na bari ya gama bayani.

"Injiniya, don Allah ina da tambaya ɗaya. Wane ne mai kamfanin nan?"

"Masu zuba jari ne, Uwargida. Mutanen kirki."

"Sadisu yana cikinsu?"

Ya ajiye kofin shayin. Ya dubi babanku, babanku kuwa ƙasa yake kallo.

"Nasa ne," ya ce. "Kamfanin Sadisu ne. Na san in na faɗa, Uwargida za ta kawo wani abu a ranta, shi ya sa na yi shiru. Amma farashin ba zalunci a ciki, na rantse da Allah. Likita, kwangilata ta ƙare tun bazara, ba su sabunta ba. Na sallami ma'aikatana. Gidan da muke ciki a garin Clinton yana neman fita daga hannuna saboda bashin banki. Kunya ce ta hana ni gaya maka. Sadisu ne kaɗai zai iya biya kafin shekara ta fita."

"Tijjani," in ji babanku, "ni za ka ji wa kunya? Da ka ce mini kana cikin matsi, da harajin ne zai hana ni taimaka maka?"

Daga nan ya juyo gare ni. Na san abin da idonsa yake roƙo. Yana so in ce shi ke nan, tunda gaskiya ta fito, a kawo alƙalami. Na dubi Tijjani, hawaye ne a idonsa, kuma na yarda yana cikin wahala. Amma mutumin da ya zauna a teburina ya yi mini darasin tarihin haraji don ya rufe sunan ƙanin matarsa, ta yaya zan san inda labarin ya tsaya? In ginin ya koma hannun Sadisu a kan arha, wa ya san ko rabinsa zai zagayo ya dawo wa Tijjani? Ban faɗi wannan ba. Abin da na ce shi ne a sa ginin a kasuwa, Sadisu ya taya kamar kowa, in nasa ya fi a ba shi. Na ce kafin nan, duk abin da za mu iya na taimako a kan gidan Clinton, mu yi.

"Ba sadaka na zo nema ba, Hajiya," ya ce. "Haƙƙina na zo ɗauka."

Ya mayar da takardun cikin jaka, ya sa takalminsa a tsaye, ya fita. Babanku ya bi shi har mota, ba riga mai kauri a jikinsa. Ta taga na ga yana magana, Tijjani yana girgiza kai. Da ya dawo ya wuce ɗaki ya rufe ƙofa.

Shekara ta fita, harajin ya shigo. Sadisu bai taya ba da aka sa ginin a kasuwa. Kasuwar kuma ta yi nauyi, ginin ya daɗe bai sami mai saye ba, ga ƙa'idar da na kafa cewa duk wanda zai saya sai ya bar Hajiya Memuna a shagonta har yarjejeniyarta ta ƙare, abin da ya kori mutum biyu. Kafin a sayar, gidan Clinton ya tafi. Babanku ya aika wa Tijjani taimako ta hannun limamin masallacinmu, aka dawo da shi. Tijjani da Zulai da 'ya'yansu suka koma gidan haya mai ɗaki biyu. Ranar da suka kwashe kaya babanku ya ɗauki hutu ya je taya su, Zulai ta tsaya a bakin ƙofa ta ce masa sun gode, hannu ya ishe su. Da aka sayar da ginin daga baya, aka cire wa gwamnati nata har da sabon ƙarin, abin da ya rage wa kowannenmu ya fi abin da za mu samu a hannun Sadisu. Tijjani ya karɓi kasonsa ta ofishin lauya. Ya zo masa bayan ba ya da gidan da zai ceta da shi.

To kun ga, kowa da abin da zai riƙe. Masu cewa na yi daidai suna nuna farashin. Masu cewa na yi rashin imani suna nuna gidan Clinton. Mata da yawa sun daina kirana biki. Adashinmu ya watse, domin rabin matan ƙawayen Zulai ne. Wannan duk mai sauƙi ne. Abin da ya fi mini ciwo shi ne Lahadin babanku. Da can ranar hayaniya ce da musu da dariya har maƙwabta su ji. Ta koma ranar da zai zauna a falo da jarida a cinya, ba ya karantawa. A masallaci suna gaisawa da Tijjani, hannu ya taɓa hannu, a tambayi iyali, shi ke nan. Bai taɓa ce mini ke kika jawo ba. Bai kuma taɓa ce mini kin yi daidai ba. Sau ɗaya, yana kwance a asibiti a ciwonsa na ƙarshe, na tambaye shi ko yana ganin Tijjani ya yi niyyar cutar mu.

"Ban tambaye shi ba, Rabi," ya ce. "Ina tsoron ya faɗa mini."

Ranar da ya rasu, kafin in gama sanar da dangi a Kano, Tijjani ya riga ya isa asibitin. Ban san wa ya gaya masa ba. Ya tsufa, gemunsa ya yi fari fat. Ya ce wa liman shi zai yi wa abokinsa wanka, aka turo a tambaye ni, na ce a bar shi. Shi ya shiga kabari ya karɓe shi tare da kai, Mahmud. An ce mini da ƙyar aka fito da shi.

Ranar sadakar uku, bayan mutane sun ragu, ya yi sallama a ƙofar falo ya zauna can nesa a bakin kafet. Ya yi addu'a mai tsawo, na amsa. Ina cikin takaba, ba lokacin irin wannan magana ba ne, na sani. Amma na ga in ya fita ƙofar nan ba lallai mu sake zama wuri ɗaya ba, kuma wanda nake yi wa kawaici ya tafi.

"Injiniya," na ce, "don girman Allah, ba don in riƙe ka ba. Da na sa hannu ranar nan, akwai abin da Sadisu zai mayar maka daga baya?"

Ya daɗe yana kallon tafin hannunsa. Leɓensa ya motsa kamar zai yi magana. Sai ya shafa fuska, ya miƙe da ƙyar yana dafa bango.

"Allah ya jiƙan Likita," ya ce. "Allah ya ba ki haƙuri, Hajiya."

Na ce amin. Ya sunkuya ya ɗauki takalminsa a hannu, bai tsaya sawa ba, ya fita da safa a kan siminti mai sanyi.